Abubakar Siddiku Ɗan Nagode: Jikan Katsinawa a Tsibirin Jamaika

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1976, sa'ad da wani baƙar fatar Amurka mai suna Alex Haley ya buga littafinsa Roots, wanda a ciki ya danganta gidansu da wani ƙauye na ƙasar Gambiya, neman asali ya zama babban al'amari a wurin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Mutanen Jamaika da Tirinidad da Barbados, tare da 'yan'uwansu da suka yi ƙaura zuwa Ingila daga 1948, suna ta tonon tsofaffin takardu domin su gano daga inda kakanninsu suka fito. Galibinsu sukan bi sawu har zuwa kaka na biyar ko na shida, sa'an nan sawun ya ɓace, domin takardun iyayengijin bayi ba su adana sunan yanka ba, balle sunan gari. Abin da suka adana shi ne sunan da ubangida ya laƙaba wa bawansa, da shekarunsa, wani lokaci kuma da kuɗin da aka kimanta shi.

A cikin wannan maƙala za a kawo tarihin wani bawan Allah wanda bauta ta shekara kusan talatin ba ta raba shi da salsalarsa ba, watau Abubakar Siddiku na Tumbuktu, wanda Turawan Jamaika suka sani da suna Edward Donellan. Dalilin kawo shi a mujallar ɗaliban Hausa shi ne, a cikin ɗan tarihin kansa da ya rubuta da Larabci a 1834 da 1835 ya ambaci Katsina, ya kuma faɗi sunan mahaifiyarsa da harshen Hausa. Wannan suna ɗaya tak ya isa ya nuna mana irin aikin da rubuta salsala yake yi, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu masu nazarin harshe da al'ada.

Asalinsa

An haifi Abubakar a Tumbuktu wajen shekarar 1790, a gidan malamai da attajirai masu danganta kansu da sharifai. Sunan mahaifinsa Kara Musa, malami ne mai tafsiri kuma falke. Kakansa na wajen uba, Umaru, mai muƙami ne a Tumbuktu da Jenne. Kara Musa yana da 'yan'uwa maza huɗu: Idrisu da Abdurrahman da Mahmudu da Abubakar. Bayan rasuwar mahaifinsu sai saɓani ya shiga tsakaninsu, kowa ya kama gabansa. Abdurrahman ya zauna a Kong ya auri 'yar sarautar garin, Mahmudu ya zauna a Buna, shi kuwa ƙaramin Abubakar ya tsaya Tumbuktu. Kong da Buna duka suna cikin arewacin ƙasar Kwaddibuwa ta yanzu.

Tun kafin wannan rabuwa, fatauci ya riga ya kai Kara Musa ƙasashen Katsina da Barno. Ba abin mamaki ba ne, domin a ƙarshen ƙarni na 18 birnin Katsina na cikin manyan kasuwannin ƙasar Sudan ta Tsakiya, inda ayarin Azbin da na Gadamas suke sauke kaya, kuma Wangarawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Mali ne, sun daɗe da kafa gidaje a cikinsa. Ta fuskar ilimi ma garin Ɗanmarina da Ɗanmasani ba baƙo ba ne ga malaman Tumbuktu. A can Kara Musa ya auri 'yar wani malami, Alhaji Muhammadu Tafsiri, wanda danginsa suke zaune a Katsina da Barno. Ya koma Tumbuktu, daga baya amarya ta tare.

Wannan mace ita ce mahaifiyar Abubakar. Ya rubuta cewa sunanta na yanka Hafsatu, amma sunan da aka san ta da shi da harshen Hausa shi ne Nagode. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san al'adar da ake magana a kai. Yaro yakan sami sunan yanka ranar suna, sa'an nan mata su laƙaba masa wani, ko don alkunya idan an yi wa kaka ko suruka takwara, ko don ranar da aka haife shi, ko don halin da iyaye suke ciki a lokacin. Sau da yawa laƙabin yakan danne sunan yanka har tsufa. Mutumin da bai tashi a hannun Bahaushiya ba, da wuya ya san bambancin nan, balle ya tuna da shi bayan shekara talatin a wata uwa duniya.

Daga baya Kara Musa ya yi nadamar rabuwarsa da 'yan'uwansa, ya shirya bayinsa suka bi sawunsu, daga Jenne zuwa Kong har Buna. A Buna ya zauna yana cinikin zinariya, wadda ake haƙowa da yawa a wannan yanki. Abubakar ya faɗi cewa mahaifinsa ya aika wa surukinsa Alhaji Muhammadu da zinariya mai yawa, da dawaki da jakuna da alfadarai, da tufafin siliki na Masar. Wannan ya nuna mana hanyar da ta haɗa Katsina da ƙasashen zinariya da goro a buɗe take tun a wancan zamani, watau hanyar da fataken Hausa suke kira hanyar Gwanja. A Buna zazzaɓi ya kama Kara Musa, ya rasu, aka binne shi a can, Abubakar yana ƙaramin yaro.

Karatunsa da Kamunsa

A Jenne Abubakar ya tashi, a can ya fara karatun Alƙur'ani. Kimanin shekara biyar bayan rasuwar mahaifinsa sai ya roƙi malaminsa ya raka shi Buna ya ziyarci kabarin. Suka bi ta Kong suka isa Buna, suka zauna a wurin dangi, ya ci gaba da karatu. Buna a lokacin gari ne na malamai, kuma Abubakar ya lissafa sunayen waɗansu daga cikinsu, har da waɗanda suka zo daga Futa Jalo da Futa Toro. Yana cikin wannan karatu ne ƙaddara ta faɗa masa.

Yaƙi ya tashi tsakanin Buna da Adinkara, sarkin ƙasar Gyaman mai mulki a Bonduku, wanda a lokacin yake ƙarƙashin sarkin Asante. Mayaƙan Adinkara suka ci garin Buna wajen shekarar 1805, suka kama mutane da yawa. A cikin waɗanda aka kama har da Abubakar, yana ɗan kimanin shekara goma sha biyar. Aka tuɓe masa tufafi, aka ɗaure shi da igiya, aka aza masa kaya mai nauyi. Ya faɗi zangon tafiyarsu ɗaya bayan ɗaya: daga Buna zuwa Bonduku, daga nan Kumasi, sa'an nan Ajumako a ƙasar Fante, har wani gari na bakin teku da ake kira Lago, a ƙasar Gana ta yanzu. A nan aka sayar da shi ga wani kyaftin na jirgin ruwa. Wata uku suka yi a kan teku kafin su sauka Jamaika.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na farko, gidan su Abubakar su ma masu bayi ne, kuma bai ɓoye wannan ba. Na biyu, waɗanda suka kama shi suka kora shi bakin teku baƙaƙen fata ne 'yan'uwansa. Cinikin bayi na tekun Atlantika bai yiwu ba sai da aka sami mai saye a cikin jirgi da mai sayarwa a tudu. Ƙididdigar da masana suka tattara daga takardun jiragen ruwa ta nuna an loda mutum kimanin miliyan 12.5 daga gaɓar Afirka, waɗanda suka sauka da rai kuwa kimanin miliyan 10.7 ne. Jamaika kaɗai ta karɓi wajen miliyan ɗaya. Shekara biyu kacal bayan isar Abubakar, watau a 1807, majalisar Ingila ta haramta wa jiragenta wannan ciniki.

Zaman Bauta

Jamaika tsibiri ne a tekun Karibiyan wanda Ingila ta ƙwace daga hannun Sifaniya a 1655, ta mayar da shi gandun rake. Aikin gandun rake shi ne mafi cin rai a cikin ayyukan bauta, kuma shi ya sa kullum ake bukatar sababbin bayi domin su maye gurbin waɗanda suka mutu. Ubangidan Abubakar na farko wani magini ne mai aikin dutse, ana kiran sa Donellan. Daga hannunsa ya koma hannun wani mai suna Haynes, aka yi masa wankan shiga addinin Kirista, aka sa masa suna Edward Donellan. A cikin 1823 aka sayar da shi ga Alexander Anderson.

A hannun Anderson ne karatun allo ya yi masa rana. Da ubangidan ya ga yana da rubutu kuma yana da amana, sai ya sa shi riƙe littafin lissafi na abin da ya shigo da abin da ya fita. Abubakar bai koyi rubutun boko ba, saboda haka ya riƙa rubuta Turancin da bayin tsibirin suke magana da shi da haruffan Larabci, da yamma ya karanta wa mai kula da aikin bayin. Ɗalibin Hausa ba ya bukatar a gaya masa sunan wannan aiki: ajami ne. Dabarar da malamanmu suka yi wa Hausa da Fulatanci, ita ce wannan bawan Allah ya yi wa Turancin Jamaika, shi kaɗai, a hannun wani Bature.

Ana cikin haka al'amuran tsibirin suka fara sauyawa. A watan Disamba na 1831 dubban bayi suka yi tawaye a yammacin Jamaika ƙarƙashin jagorancin Samuel Sharpe. An murƙushe tawayen da kisa mai yawa, amma ya gaggauta abin da ake ta jayayya a kai a Landan. A 1833 majalisar Ingila ta yi dokar soke bauta, wadda ta fara aiki ran 1 ga Agusta, 1834. Dokar ta ware fam miliyan 20 domin a biya iyayengiji diyyar bayinsu, bayin kuwa ba a ba su ko anini ba. Bugu da ƙari, aka ɗora musu wani wa'adi da aka kira koyon aiki, wanda a cikinsa tilas su ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki kyauta mafi yawan mako. Wannan wa'adi bai ƙare ba sai ran 1 ga Agusta, 1838. Mutanen da dokar ta shafa a Jamaika sun haura 300,000.

Samun 'Yanci

Domin lura da wannan wa'adi gwamnatin Ingila ta aiko da majistarori na musamman. Ɗaya daga cikinsu shi ne Richard Robert Madden, wani likita ɗan ƙasar Ailan wanda ya taɓa yawo a Turkiyya da Masar, ya kuma tsinci Larabci a can. Wata rana a cikin 1834 aka kawo Abubakar gabansa domin a rantsar da shi a matsayin ɗan doka mai kula da dukiyar ubangidansa. Da aka zo sa hannu, sai Madden ya ga mutumin ya rubuta sunansa da Larabci mai kyau, kuma sunan da ya rubuta daban yake da wanda aka kira shi da shi. Daga nan ya jawo shi a jiki, ya yi ta yi masa tambayoyi, har ya ji labarinsa duka.

Madden ya ƙudura niyyar fansar sa. Da farko Anderson ya nuna babu kuɗin da zai iya maye masa gurbin irin wannan bawa, amma daga bisani ya 'yanta shi ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Mutanen Kingston kuma suka yi masa karo-karo na fam 20. Ta haka Abubakar ya sami kansa yana da shekara arba'in da 'yan kai, bayan ya shafe kusan talatin daga cikinsu a hannun wasu.

Labarin 'yancinsa ya bazu har ya kai kunnen wani tsoho a gundumar Manchester ta tsibirin, Muhammadu Kaba, wanda aka sani da Robert Peart, malami ne shi ma daga yankin Futa Jalo, wanda aka kawo Jamaika tun 1777. Suka yi musayar wasiƙu da Larabci. Wannan ya tabbatar da cewa Musulmi masu ilimi suna nan warwatse a cikin bayin tsibirin, sun san juna, suna riƙe da abin da suka iya riƙewa a ɓoye, ko da yake a fili an ɗauke su Kirista.

Rubutunsa

Madden ne ya roƙi Abubakar ya rubuta tarihinsa, ya kuma sa fassararsa a cikin littafin da ya buga a 1835 game da zamansa na shekara guda a tsibiran. A cikin 1835 ɗin Abubakar ya tafi Ingila tare da wani majistare, Kyaftin Oldrey, a can ya sake rubuta tarihin. Wani masanin Larabci, G. C. Renouard, ya fassara wannan na biyu, aka buga shi a mujallar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan a 1836, tare da jerin hanyoyin fatake da zangunansu waɗanda Abubakar ya bayar da ka. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 1967, Ivor Wilks, masanin tarihin Asante, ya sake fito da shi da sharhi a cikin littafin Africa Remembered wanda Philip Curtin ya tsara, ya kuma gwada abin da Abubakar ya faɗa da sauran hujjojin tarihin yankin.

Rubutun gajere ne, bai wuce 'yan shafuka ba, amma yadda ya kasa shi abin lura ne. Kaso mafi girma ya tafi ga salsala: uba da kaka, baffanni da matansu da garuruwan da suka zauna, uwa da mahaifinta da danginta, malamai da ƙasashensu. Shekarun bauta kuwa, waɗanda su ne mafi yawan rayuwarsa, a cikin 'yan layuka ya taƙaita su. Ya rufe da bayanin addinin iyayensa, da salla biyar da azumin Ramalana da zakka da hajji da abubuwan da aka haramta ci da sha, da yadda ake tarbiyyar yara, sa'an nan ya koka da cewa bauta ta raba shi da cika waɗannan, ya roƙi gafarar Ubangiji. Da aka ba shi dama ya faɗi ko shi wane ne, sai ya fara da waɗanda suka haife shi. Haka ɗan gidan malamai na Katsina ko Kano zai yi in an tambaye shi.

Komawa Gida

A Landan wani likita matafiyi mai suna John Davidson yana shirin zuwa Tumbuktu ta hanyar Maroko, sai ya ga babu abokin tafiya da ya fi ɗan garin. Abubakar ya yarda, suka tashi a cikin 1835. A Maroko, zamanin Sarki Abdurrahman, suka haɗu da mutanen da suka san Tumbuktu, waɗanda suka tabbatar wa Davidson cewa gidan su Abubakar sananne ne kuma masu faɗa a ji ne a can. Salsalar da aka rubuta a Kingston ta ci jarrabawa a gaban waɗanda suka san gidan.

Sun daɗe a Wadi Nun, a bakin hamada, suna jiran ayari da lafawar hanya. Suka shiga Sahara a ƙarshen 1836, kuma a watan Disamba na shekarar wasu mahara suka kashe Davidson a kan hanya. Daga nan labarin Abubakar ya yanke wa Turawa, sai a 1841 aka sami rahoton cewa ya isa Jenne, garin da ya yi ƙuruciya. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin miliyoyin da aka ƙetarar da su teku suka sake taka ƙasar haihuwarsu.

Matsayinsa ga Masu Neman Asali

Domin a gane darajar abin da Abubakar ya bari, sai a dubi abin da mai neman asali ɗan Jamaika yake da shi a hannu. Babbar madogararsa ita ce rajistar bayi, wadda aka fara a tsibirin a 1817, ana sabunta ta duk bayan shekara uku har 1832, kuma kwafinta yana ajiye a gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke Kew. Rajistar takan ba da sunan bawa, da launin fatarsa, da shekarunsa, da ko haifaffen Afirka ne ko kuwa bacucane, wani lokaci da sunan uwarsa in tana gandu ɗaya da shi. Sai kuma takardun diyyar 1834, waɗanda wata jami'a ta Landan ta tattara ta sa a intanet a 2013, amma su sunayen iyayengiji suka fi adanawa. A irin waɗannan takardu mutum kamar Abubakar ba zai wuce Edward, haifaffen Afirka ba. Gwajin jini na zamani kuwa iyakarsa ya nuna yankin da kakanni suka fito. Ba ya faɗin sunan kowa.

Abubakar ba shi kaɗai ba ne ya kai sunan Katsina ƙetaren teku. Muhammadu Gardo Baƙwaƙwa, haifaffen Zugu a arewacin ƙasar Benin ta yanzu, wanda aka kai Birazil wajen 1845, ya kuɓuta a New York a 1847, ya zauna Haiti shekara biyu, shi ma ya faɗi a tarihinsa da aka buga a 1854 cewa mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. Dukansu biyu 'ya'yan hanyar Gwanja ne, kuma dukansu ta wajen uwa suka haɗu da ƙasar Hausa, watau ta ɓangaren da salsalarmu ta baka ta fi saurin mantawa.

Hausawan da aka ƙetarar suna da yawa, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804. A Bahiya ta ƙasar Birazil bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807 da 1809 da 1814. Waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a kan teku an sauke su Firitawun ta Saliyo, inda S. W. Koelle ya sami masu Hausar Kano da ta Katsina ya ɗauki kalmomi daga bakinsu domin littafinsa na 1854. Daga 1841 kuma aka riƙa ɗibar irin waɗannan 'yantattu ana kai su ƙwadago Jamaika da Tirinidad da Gayana. Kotunan da suka 'yanta su a Firitawun da Habana sun rubuta sunayensu na asali, fiye da 90,000, sau da yawa har da bayanin askar da ke fuskarsu. Akawun da ya rubuta sunayen Bature ne ko mai ilimin Turawa, yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta. Kafin a gane cewa wani suna da aka karkatar Tanko ne ko Ɗanjuma ko Bawa, ko a gane askar nan ta Gobirawa ce ko ta Katsinawa, sai an sami wanda ya san harshen da al'adar. Nan ne aikin ya zo ƙofar sashenmu.

Kammalawa

Ƙasar Ruma, watau yankin Batsari da Safana a yammacin Katsina, ta san wannan tarihi ta wata fuska. Bayan da sarakunan Haɓe na Katsina suka kafa Maraɗi wajen 1819, yankin nan da Dajin Rugu ya zama fagen hari tsakaninsu da sarakunan Dallazawa har ƙarshen ƙarni na 19. Sunayen jarumai irin su Ɗanwaire sun tsira a bakin makaɗa da maroƙa. Sunayen matan da aka kama a hanyar rijiya da yaran da aka sure a gona kuwa ba wanda ya rera su, ba wanda ya rubuta. Har ila yau, hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a yankin daga 2019 sun tashi ƙauyuka da dama, tsofaffin da suke riƙe da salsalar gidaje sun warwatsu cikin garuruwa, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya da abin da suka sani. Idan ba a yi hattara ba, bangon da ɗan Jamaika yake cin karo da shi, jikokinmu za su ci karo da irinsa a cikin ƙasarsu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, kowa ya yi amfani da hutu ya zauna gaban tsofaffin gidansu da alƙalami da takarda. A rubuta sunan yanka da laƙabi, a rubuta na mata kamar yadda za a rubuta na maza, da garin da aka taso, da dalilin tasowa, da askar gida da sana'arsa da kirarinsa. Muna kuma roƙon malamanmu su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin neman digiri, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na sashe. Abubakar Siddiku bai mallaki kansa ba ma a lokacin da yake riƙe da salsalarsa a ka, amma da dama ta samu ya zuba ta a takarda, shi ya sa bayan shekara kusan ɗari biyu muka san akwai wata Hafsatu, 'yar Alhaji Muhammadu Tafsiri, wadda ake kira Nagode. Allah ya jiƙan su da rahama, amin.